Amsa ga ɗan'uwan da maƙwabta suka tasa gaba kan kiɗa a Jidda

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka kama wuri a tsakiyar gari, gidan abinci a ƙasa, ɗakin taro a sama don kamu da walima, takardar lasisi ta baladiyya, wato hukumar gari, ba ta fito ba tukuna, amma mutanen benen da ke manne da kai har sun fara kiran 940, lambar kai ƙara ta baladiyya, saboda gwajin sifika. Kana tambaya ko lasisin zai rufe musu baki in ya fito. Ba zai rufe ba. Nawa yana rataye a bango cikin gilashi daren da aka tsayar mini da biki.

Bayan rusau ɗin unguwannin Gulail da Karantina, a 2022 na buɗe nawa wurin, lokacin da mutanenmu suka watse babu inda za a haɗu. Akwai wani bawan Allah a benen da ke jikin bangona. Kullum yana shigowa mu gaisa, duk Juma'a ina aika wa gidansa tsire. Bai taɓa ce mini kiɗa yana damunsa ba, ko sau ɗaya. Ashe shagon yake so wa ƙaninsa tun kafin in zo, mai gidan ya ba ni. Sai ya ɗauki takarda yana bin ƙofa ƙofa ana sa hannu, har da tsofaffin da ɗakunansu ke can ɗaya ɓangaren, waɗanda ko tarin mai kalangu ba sa ji. Mai gadin benen ne ya tsegunta mini daga baya.

Daren kamun wata marainiya ce. Mata sun cika sama, an fito da amarya kenan, sai ga dauriyya, wato 'yan sandan sintiri, a ƙofa. Aka ce a kashe. Uwar riƙonta ta sauko da gudu, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, mayafi yana zamewa, tana cewa "Alhaji me muka yi? Alhaji a bar ta ta zauna ko minti goma." Ban iya kallon idonta ba. Na ɗaga kai, ga mutumin a baranda da kofin shayi, yana kallonmu. Da safe ya yi mini sallama kamar ba shi ba. Na mayar wa matar kuɗinta duka, amma daren yarinyar nan wa zai mayar mata? Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Allah ya isa, ba ni da abin da zan ce.

Su jami'an ban ga laifinsu ba, aikinsu suka yi. Dokar ladubban jama'a ta 2019 ta ce ɗaga kiɗa a unguwar zama, in mazauni ya kai ƙara, tarar riyal 500 ce, in an maimaita 1,000. Kunna kiɗa lokacin kiran salla ko iƙama 1,000 ce, maimaici 2,000. Ka ga ƙarar mutum ɗaya ta isa. Kuma ka san bikinmu a nan, sai bayan Isha'i da nisa ake farawa, don haka ka sa wa mai kiɗa ido tun kafin Asuba ta gabato.

Ka shiga Balady, shafin intanet na baladiyya, ka karanta irin sana'ar da ka nema. Lasisin gidan abinci na abinci ne. Mawaƙi ko makaɗi a gaban jama'a izininsa daban ne, daga hukumar nishaɗi yake fitowa. Kada wani mai bin takardu ya ce maka duk ɗaya ne. Ga kuma difa'ul madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, ƙofar fita ta biyu a sama ba abin wasa ba ce, mata da yara ne za su cika wurin.

Don Allah kada ka ɓata kuɗi kan soson nan da ake mannawa a bango. Amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai yake ragewa. Abin da ke hana maƙwabci barci shi ne dukan ƙasan nan, dum dum, da ke bin siminti har ƙafar gadonsa. Ka ɗaga sifika daga ƙasa, ka sa roba mai kauri a ƙarƙashi, ka janye ta daga bangon da kuka haɗa. A yi bango na biyu na jibs da audugar dutse, a bar rata tsakani. Ƙofa biyu, ramin tsohon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a toshe shi. Sannan ka roƙi mutum ɗaya cikinsu ya bar ka ka tsaya a ɗakinsa a kunna, ka ji da kunnenka. Wani lokacin ma ba kiɗan ba ne, hon ɗin motoci ne da hirar masu jiran direba ƙarfe biyun dare.

Wani abu da ba ka tambaya ba: da sunan wa sijillin, wato rajistar kasuwancin, yake? In na wani ne kai kana juyawa a bayansa, ka tsaya. Maƙwabcin da ya ƙulle ka ba a kiɗa zai tsaya ba, hukuncin tasattur kuwa, wato yin kasuwanci a ɓoye da sunan wani, yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Mai gidan ma ya rubuta maka yardarsa kan taro a saman, ban da kwantiragin haya na Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, domin nawa mai gidan da zafi ya zo cewa ya yi bai san da zancen ba.

Ka je wurin umda, wato mai unguwa, da limamin masallacin layin kafin wani ya riga ka, ka ba mutanen benen lambarka su kira ka kai tsaye. Gwajin sifika kuma ka dakatar da shi a yanzu, har takarda ta fito. Ka turo hoton bangon da kuka haɗa da su, in akwai taga ko ramin mukayyif a jikinsa in gani. Allah ya kare ka daga irin mutumin nan.