Tankin gas na ragowar abinci: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da abinci a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi. Kullum sai na zubar da bokiti biyu na ɓawon doya, ruɓaɓɓen tumatir da shinkafar da aka rage a faranti. Wani ya tallata mini tankin da ke mayar da wannan shara iskar girki, ya ce na rabu da sayen gas ke nan. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganarsa akwai gaskiya, sai dai ya ƙara mata gishiri. Abinci in ya ruɓe a inda iska ba ta shiga, yana fitar da iskar metan, wadda ke kamawa da wuta. A juji haka take tashi sama a banza, kuma wajen dumama duniya ta ninka iskar kabon kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a shekarar 2022. Tankin nan tare iskar yake yi ya kai ta murhu, don haka ke da sararin samaniya duka kun ci riba.

Amma batun rabuwa da sayen gas, kada ki ɗauka. Bokiti biyu za su iya tafasa miki ruwan zafi da miya, amma ba lallai su ɗauki dukan girkin sana'arki ba. Tankin kuma kiwo ne: sai an fara ɗura masa ɗanyen kashin shanu, a jira makonni kafin wuta ta kama, sannan kullum a dama masa abincinsa da ruwa. Ruwan omo na wanke-wanke kashe shi yake yi, ƙashi da leda su toshe bututu. Da hunturu ya shigo a Disamba, sai ki ga harshen wutar ya ragu, domin ƙwayoyin halittar da ke aikin sun fi son ɗumi. Ba a ɗura iskar a tukunyar gas ɗinki, kuma kan murhunta daban ne.

Kafin ki ba da ko kwabo, ki ce ya kai ki gidan da tankinsa ya shekara yana aiki, ki kunna da hannunki. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinki. Ki kuma tambayi wa zai zo gyara idan ya fara yoyo.

Ni dai da zan ware shinkafar da ba ta lalace ba tukuna. Mabuƙata na nan, ƙanzo kuma masu kiwon kaji da tumaki har saye suke yi. Abin da ya gagari baki da dabba shi ne rabon tanki.

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida a Pantami, Gombe. Takin zamani ya yi tsada, maiɗakina kuma ƙona shara take yi. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, shebur kawai za ka saya. Haƙa rami daidai gwiwa a inuwa, ka riƙa zuba ɓawo da ragowar ganye, ka bi da busasshen ganyen darbejiya ko yankakken kara, da kashin awaki in akwai. Yayyafa ruwa ya yi danshi, kada ya jiƙe sharkaf. Duk mako biyu ka juya shi, don in iska ba ta shiga ba, metan ɗin nan zai riƙa fitarwa, ga wari. Nama da mai kada su shiga, ɓeraye za su gayyato maka. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya rududduge ya zama taki, ya isa alayyafo da yakuwa. Masarar gona kuwa za ta so ƙarin buhun yuriya, amma ba kamar da ba. Ka roƙi uwargida ta ajiye bokiti biyu a madafa, ɗaya na leda, ɗaya na ramin.