Maki kaɗai ba ya isa, ɗan'uwa

Malam, ka tambaya ko mai bugu a kurket zai shiga tawagar ƙasa da zarar ya tara maki a gasar cikin gida. Wallahi ba haka abin yake ba. Sai gurbi ya buɗe. Dubi Sarfaraz Khan na Mumbai a Indiya. A Kofin Ranji, babbar gasar cikin gida ta Indiya, na 2019-20 ya ci maki 928, har da 301 a wasa guda da Uttar Pradesh ba a fitar da shi ba. Kakar 2021-22 ya ƙara 982. Duk da haka shiru, domin tsakiyar layin masu bugu cike yake da manya irin su Kohli da Pujara. Ni dai ina ganin an ja masa rai fiye da kima.

Sai a 2024, da Kohli ya janye daga wasannin Indiya da Ingila, wani mai bugu KL Rahul kuma ya ji rauni, aka kira Sarfaraz. Ranar 15 ga Fabrairu a birnin Rajkot, tsohon ɗan wasan Indiya Anil Kumble ya miƙa masa hular ƙasa da ake ba ɗan wasa ranar wasansa na farko, mahaifin Sarfaraz, Naushad, wanda ya horar da shi tun yana yaro, ya karɓa ya sumbace ta yana hawaye. Ranar ya zuba wa Ingila maki 62.