Veeam ya daina ɗaukar bakof bayan na saka lasisin ESXi na kyauta, laifin iSCSI ne?

Tambaya: Salam Malam. Ina kula da saba guda ɗaya a wani ƙaramin ofis, na ɗora ESXi 7 a kanta (manhajar VMware mai raba saba ɗaya zuwa kwamfutocin cikin manhaja da ake kira VM) da VM huɗu, diskokinsu suna kan NAS (akwatin ajiya na netwok) da muka haɗa ta iSCSI (hanyar haɗa saba da diski ta netwok). Wata biyu Veeam na kyauta, manhajar bakof ɗinmu, yana ɗaukar bakof lafiya lau, ranar da na saka tsohon mabuɗin lasisin ESXi na kyauta da nake da shi sai komai ya koma ja, wato bakof ya daina tafiya. Wani abokina ya ce iSCSI ne bai dace da Veeam ba, wai in koma NFS, wata hanyar haɗa NAS da saba. Kafin in fara kwashe kaya na ce bari in tambaye ka. Sannan VM ɗin da ke riƙe da databes ɗinmu diskinsa RDM ne.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka taɓa NAS ɗin nan, bai yi maka komai ba. Ko NFS ka koma, ko ka ciro diskokin ka cusa su cikin sabar da hannunka, jan nan zai biyo ka, don ba a wajen ajiya matsalar take ba, a mabuɗin da ka saka take.

Kai da kanka ka faɗi amsar ba ka lura ba: wata biyu. Duk wanda ya ɗora ESXi sabo ana ba shi kwana 60 na gwaji, a cikin kwanakin nan komai a buɗe yake kamar wanda ya sayi lasisi mafi tsada. Veeam kuma ba shiga cikin VM yake ya kwafi fayil ɗaya bayan ɗaya ba, yana bi ta wata ƙofa ce da VMware suka tanada wa manhajojin bakof tun 2009, ana ce mata VADP, ta nan yake cewa ESXi ɗauki sinafshot (hoton yadda diskin yake a wannan lokacin), ba ni diskin in karanta, na gama, goge sinafshot ɗin. Ta nan kuma yake samun CBT, wato lissafin wuraren da suka canza a diski tun bakof na jiya, shi ya sa ranar farko aikin ke cin awanni amma sauran ranakun cikin mintuna an gama. To lasisin kyauta ya kulle wannan ƙofar. Manhaja daga waje tana iya leƙowa ta ga sunayen VM ɗinka, shi ya sa har yanzu kana ganinsu a jere cikin Veeam, amma ba ta da ikon ba da umarni. Buɗe rahoton aikin da ya faɗi ka duba, za ka ga saƙon Turanci da ke cewa lasisi ko nau'in ESXi ɗin ya hana aiwatar da abin da aka nema. Kuma ba Veeam kaɗai ba, duk manhajar da ta dogara da VADP a nan za ta tsaya.

A da maganin ba wuya, mutum ya sayi Essentials Kit, ƙaramin lasisi na saba uku da ake biya sau ɗaya, ƙofa ta buɗe shikenan. Amma tunda Broadcom suka saye VMware a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, yanzu biya ake na shekara-shekara kuma da yawan kor (ƙwayoyin aiki na cikin furosesa) ake lissafi, kowace furosesa sai an ƙirga mata aƙalla 16 ko da 8 gare ta. ESXi na kyautar ma sun janye shi a Fabrairu 2024, suka dawo da shi a Afrilu 2025 da 8.0 Update 3e, mutane suka yi ta murna, amma ta fannin bakof yana nan yadda ka san shi, a kulle. Don haka kar wani ya ce maka ka hau na 8 ka huta. Af, shi kansa ESXi 7 ɗin naka tallafinsa ya ƙare tun Oktoba 2025, ka sa wannan a lissafi.

Abokin naka dai ba gaba ɗaya ya kauce ba, ya haɗa magana biyu ne wuri guda. Lasisi ne ke cewa a shiga ko kar a shiga, irin ma'ajiyar kuma ita ke nuna ta wace hanya kayan za su fito bayan an shiga. In diskokin na kan iSCSI ko Fibre Channel, injin da ke ɗaukar bakof yana iya karantowa kai tsaye daga ma'ajiyar ba tare da ya dami ESXi ba, NFS ma Veeam na da irin wannan hanyar. Akwai ta biyu, HotAdd, inda ake liƙa diskin VM ɗin a jikin wani VM mai aikin bakof ya karanta ya sake shi, sai dai ba ta karɓar diskin da ke kan IDE, wanda ake yawan samu a tsofaffin injunan da aka juyo daga kwamfuta ta gaske. Ta uku ita ce NBD, ta netwok ɗin kula da sabar, fot 902, tana aiki da kowace irin ma'ajiya amma in layinka gig ɗaya ne sai haƙuri. Ka ga iSCSI ɗinka ma gata ne. Gargaɗi ɗaya, ranar da ka nuna wa Windows LUN ɗinka, wato yankin diskin da NAS ke ba ESXi, ya tambaye ka ko ya shirya diskin, ka ce a'a da ƙarfi, in ka danna eh kana iya lalata VMFS, wato tsarin ajiyar fayil na ESXi da duk VM ɗinka ke kai.

Abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonka wlh layin ƙarshe ne, wanda ka jefo kamar ba komai. RDM, wato LUN da aka miƙa wa VM ɗaya a matsayin diskinsa, iri biyu ne. Akwai wanda ESXi ke tsayawa a tsakani, wannan sinafshot na kama shi. Akwai kuma na kai tsaye, wanda VM ke magana da LUN ɗin ba shamaki, wannan sinafshot ba ya taɓa shi, kuma abin da sinafshot bai kama ba Veeam tsallake shi yake. Ma'ana yana yiwuwa duk wata biyun nan da kake ganin aikin na kammaluwa, diskin C na injin kawai ake kwafa, databes ɗin ko sau ɗaya bai shiga ba. Haka diskin da aka sa wa alamar mai zaman kansa a saitin VM, haka wanda aka haɗo ta iSCSI daga cikin Windows ɗin VM ɗin, shi wannan ESXi bai ma san da zamansa ba. Yau ɗin nan ka buɗe bakof na ƙarshe da ya yi nasara, ka ƙirga diskokin da ke ciki, ka kwatanta da waɗanda ke jikin injin.

Ni a matsayinka, da VM huɗu kacal, ba zan fara da neman kuɗin lasisi wajen oga ba. Zan saka Veeam Agent a cikin kowane VM kamar kwamfuta ce ta gaske a kan tebur. Ejen ba ruwansa da ƙofar VMware, daga ciki yake karatu, don haka lasisin kyauta bai shafe shi ba, kuma yana ganin RDM ɗin da duk diskin da Windows ko Linux ke gani, matsala biyu ta tafi lokaci guda. Community Edition, wato Veeam na kyautar da kake da shi, yana ɗaukar injuna har 10 kyauta. Inda za ka ji jiki shi ne ranar mayarwa, sai ka ƙirƙiri sabon VM da hannu ka tashe shi da faifan ceto sannan ka zuba bakof ɗin, don haka ka haɗa faifan tun yanzu ka ajiye, ka kuma gwada sau ɗaya ranar Asabar da ba kowa a ofis. Akwai kuma ghettoVCB, tsohon sikirif da ke gudana a cikin ESXi ɗin kansa, yana aiki da na kyauta amma kullum cikakken kwafi yake ɗauka, wuri zai cika da wuri.

In kuma kana da halin sake gini nan gaba, leƙa Proxmox VE, wata manhaja mai aiki irin na ESXi. Bakof a jikinsa yake ba sai an biya ba, tun 8.2 a 2024 yana da hanyar janyo VM daga ESXi, Veeam ma daga 12.2 ya fara karɓarsa. Amma wannan aikin wani watan ne. Na wannan satin shi ne ejen a kan injin databes, kuma kar ka ajiye bakof ɗin a kan NAS ɗin da VM ɗin ke zaune, nemo wani diskin daban ko na USB ne, don ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙona NAS ɗin da asalin da kwafin tare za su tafi.