Tambayi Likita: Kuɗin cizo, harbin kunama da ɓeran ɗakin ajiya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Kuɗin cizo ya hana mu barci. Maigida ya sayo fiya-fiya ya fesa da magariba, muka rufe ƙofa muka kwana a ciki. Da asuba 'yata mai wata takwas ta tashi da tari, miyau na ta dalala. Ko maganin ne? Daga wata uwa a Pantami, Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, ki goya ta ku tafi asibiti yanzu, ki tafi da kwalbar a leda don likita ya ga abin da ta shaƙa. Ki cire mata kayan da ta kwana da su, ki wanke jikinta da ruwa da sabulu. Kada a ɗura mata manja ko madara wai don ta yi amai, domin aman yana iya komawa huhu.

Yawancin fiya-fiyar da ake ƙullawa a kasuwa sinadarin dichlorvos ne, irin wanda ke cikin Sniper, kuma don gona aka yi shi. Yana rikita jijiyoyin ƙwaro, haka yake rikita na mutum: gumi, hawaye, miyau, amai, gudawa, ƙirji ya cika da majina. Na taɓa karɓar wani yaro cikin dare, rigarsa sharkaf da gumi, tana warin maganin, baƙin idonsa ya tsuke kamar bakin allura. Sai da muka yi ta yi masa allurar atropine har gari ya waye kafin numfashinsa ya daidaita. Mahaifinsa na tsaye yana cewa, "Wallahi sauro kawai na so in kore musu." Abin yana min ciwo, domin tausayin 'ya'yansa ne ya sa shi fesawa.

Shi kuwa kuɗin cizo, ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta ba. Ƙaiƙayi ne da hana barci, sai gyambon da susa ke jawowa. Zafi ne ajalinsa. A wanke zannuwa da labule da ruwa mai zafi sosai, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a baƙar leda a ajiye a tsakiyar rana, kuma ranar Gombe a watan Maris ba ta wasa. A ɗaga katifa a bi ɗinkinta, nan za ki ga ɗigo-ɗigon baƙin kashinsa. A kwance gado a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗarsa, a liƙe tsagar bango da siminti. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa sai an maimaita aikin bayan mako ɗaya, a sake kuma a mako na gaba.

Tambaya: Kunama ta harbi ɗana mai shekara huɗu a shimfiɗa. Kakarsa ta ce a tsaga wurin a zuba fetur. Na hana, har aka ga laifina. Daga wani magidanci a Kumo.

Amsa: Malam, ka yi daidai, sai dai a lallaɓa Inna, ita ma ƙaunar jikanta ce. Tsaga ba ta fitar da dafi, tana dai buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, har da na tetanus, fetur kuma yana ƙona fata. A wanke wurin, a ɗora ƙanƙara naɗe a ƙyalle ko tsumma mai sanyi, a ba shi farasitamol daidai da shekarunsa. A babba yawanci raɗaɗi ne kawai, kuma allurar kashe zafi da muke yi a wurin tana kwantar da shi. Yaro ƙarami kuwa jikinsa bai kai ya ɗauki dafin ba, don haka a kai shi a duba shi ko da ya yi shiru. Idan ya fara gumi, amai, dalalar miyau ko haki, kada a jira gari ya waye.

Ga wani abu da nake roƙon mutanen karkara. In cikin duhu ne ba a ga abin da ya yi harbin ba, kada a yanke cewa kunama ce. Yankinmu yankin kububuwa ne. In wurin ya kumbura yana hawa sama, ko dasashi ya fara zubar da jini, a nufi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo, kuma kada a ɗaure ƙafar da igiya. Lokacin zafi da ake kwana a tsakar gida, a kakkaɓe tabarma da takalmi kafin a taka, a riƙa fita da tocila.

Tambaya: Rina ta harbe ni a hannu, sai leɓena ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe na ɗan lokaci, daga baya ya wuce. Akwai damuwa? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada.

Amsa: Akwai, ƙanena. Kumburi a wurin harbin ba abin tsoro ba ne, amma harbi a hannu ya taɓa leɓe da maƙogwaro alama ce jikinka bai jituwa da dafin, kuma karo na gaba yana iya fin wannan muni. In ya sake faruwa, allurar adrenaline ce ke ceton rai, cikin mintuna ake bukatarta. Ka je ka ga likita tun yanzu, ka kuma gaya wa abokan zamanka. Cire gidan rinar kuma ka bar wa wani.

Tambaya: Ɓeraye sun cika mana ɗakin ajiya, muna ganin kashinsu a cikin gari. In an tankaɗe ana iya ci? Daga wata Hajiya a Bauchi.

Amsa: Hajiya, a zubar da shi, na san asara ce a wannan tsadar. Rariya tana tare kashi, amma ba ta tare fitsari, kuma ta nan zazzaɓin Lassa ke shiga jikin mutum. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma Bauchi na cikin jihohin da ta fi kamawa, musamman da rani. Ku zuba gari da hatsi a durom ko bokiti mai murfi, ku daina shanya a gefen titi, ku toshe ramuka. A yayyafa ruwa mai bilic kafin a share kashin don kada ƙura ta tashi, mataccen ɓera kuma a ɗauke shi da leda a binne. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sauka bayan ya sha maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro da kasala, ya je asibiti ya faɗi da bakinsa cewa akwai ɓera a gidansu. Cutar kan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, don haka ki sa ido a kan mutanen gidan har tsawon mako uku.