Garwa zuwa Ngaundere a kan babur cikin hunturu

Malam, ka ce za ka tafi Ngaundere daga Garwa, a ƙasar Kamaru, a Janairu, sanyi ne damuwarka. Kada ka yi sammako. Bari rana ta ɗaga, don iskar asuba kan sandarar da yatsu har ka kasa matse birki. Sa safar hannu, ka cusa kwali a ƙirji ƙarƙashin rigar sanyi, yana tare iska sosai. Ngaundere a kan tudu take, sanyinta ya fi na Garwa nesa ba kusa ba. Idan hazo ya sauka, kunna fitila ko da rana tsaka, manyan motoci ba sa hango babur. Ƙura tana toshe filtar iska, bakanike ya duba maka kafin tafiya. In kana da asma, fara ganin likita.