Wane suna zan sa wa wasan tatsuniyar da muka ƙirƙira?

Tambaya: Salam Malam, ni da abokaina huɗu ne muka haɗa wani wasa da ake yi a zaune, mutum ɗaya yana ba da labari sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, in za ka yi wani abu sai ka jefa dayis irin na lido a ga ko ka ci ko ka faɗi. Duniyar wasan ta tatsuniyoyin da kakarmu take mana ce, su Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami. Wata shida kenan muna yi amma suna ya gagare mu, har mun kusa faɗa. Sunayen da ke ƙasa su ne Dodo da Dukiya, Daular Aljanu, Ƙurunƙus, sai kuma wani ya ce mu sa na Turanci kawai. Wanne za mu ɗauka? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, gaskiya tambayarka ta min daɗi, don rabon da in ji an ambaci Botorami har na manta.

Dodo da Dukiya dai na gane inda kuka dosa, Dungeons & Dragons kuke kwaikwaya, wani wasa irin naku wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. To ba ku ne farau ba, shekara ɗaya kacal bayan fitowarsa Ken St. Andre ya fito da Tunnels & Trolls, kalma biyu masu harafin farko iri ɗaya, kuma har a 2008 da masu kewar tsohon salon suka tashi an yi Swords & Wizardry. Su yana musu aiki ne saboda da Ba'amurke ya ji wannan sigar sai ya tuna yarintarsa a tebur da fensir da takarda, kai kuwa mutanenka ba wannan suke kewa ba, abin da suke kewa shi ne tabarma a tsakar gida bayan isha'i, an ɗauke wuta, ga farin wata, tsohuwa tana gyangyaɗi ana tashinta ta ƙarasa labari. Sunan bai taɓo wannan ba sam.

Daular Aljanu kuwa ku rufa wa kanku asiri. Wasa da dayis dama wasu iyayen caca suke masa kallo, sai kuma ku ɗora aljanu a jikin kwali? Ko a can Amurkan sai da aka yi ta surutu a shekarun 1980 cewa Dungeons & Dragons tsafi ne, har kamfanin TSR mai buga wasan ya cire sunan shaiɗanu daga bugu na 2 da ya fito a 1989 ya sa musu wasu sunaye na ƙirƙira. In su sun sha wannan wahalar ina ga ku a Zariya.

Ƙurunƙus yana da daɗin faɗa amma ai da shi ake rufe tatsuniya, kamar ka buɗe shago ka rubuta an tashi a ƙofa ne. Ga kuma ƙ har biyu, rabin mutane ba za su iya rubutawa a waya ba. Na Turanci ma ba sai na ja ba, Gizo da sunan Turanci kamar babbar riga da takalmin ƙwallo ne.

Ni da ni ne Gatanan zan sa. Gajere ne, babu harafi mai lanƙwasa, kuma duk Bahaushen da ya ji ba ya sanin lokacin da bakinsa zai ce ta zo mu ji ta, kaga kenan ya shiga wasan tun bai zauna ba, mai ba da labarin ma ya samu kalmar buɗe zama kyauta. Sai ku ɗan ƙara layi a ƙasa, kamar wasan jarumai a ƙasar Gizo, don wanda bai sani ba ya gane ba littafin yara ba ne.

Amma kafin ku kai wa mai buga kwali, ku bincika a Google da Facebook ko wani ya riga ku, in kuma sayarwa za ku yi ku nemi rajistar alamar kasuwanci, don rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan sana'a ce kawai. In kun buga a aiko min guda, ni Ƙoƙi zan ɗauka.